Akushin da Ba a Wankewa

Ran Alhamis da safe Tekle ta shiga ɗakin ajiya ɗauko akushin burodi, ta tarar da gurbinsa wayam. Shekara hamsin da shida yana zaune a kan benci ɗaya tun zuwanta gidan, har gindinsa ya bar shaida a katakon. Ga shaidar nan a zagaye, ga ƙyallen da ake rufe shi an ninke an ajiye a gefe, amma akushi babu. Ta leƙa bayan buhun gari, ta leƙa ƙarƙashin benci, kamar abin da ya kai gwiwar mutum tsawo zai iya ɓuya a can. Gabanta ya shiga faɗuwa, domin jibi Asabar ɗanta Zigmas zai zo daga birnin Kaunas, kuma zuwan nasa ba na gaisuwa kaɗai ba ne.

Abin ya samo asali tun narkewar ƙanƙarar bana. Ta ɗora butar shayi a kan wuta ta fita lambu, ba ta dawo ba sai da butar ta ƙone ƙurmus. Wata guda bayan haka mai kawo wasiƙu ya gamu da ita a hanyar tsohon gandun gwamnati sanye da takalman roba, tana sauri wai za ta makara wurin aiki, alhali gandun ya fi shekara talatin da rushewa. Zigmas ya zo ya ce ya gyara mata ɗaki a gidansa, hawa na biyar, da taga mai kallon filin ajiye motoci. Ta ce masa ita ba tsuntsuwa ba ce da za a ɗora a kan bene. Suka yi ta ja har ya gaji. Daga ƙarshe ita da bakinta ta yanka sharaɗin: muddin tana gasa burodinta daidai, a bar ta a gidanta, ranar da burodi ya ɓaci, ita da kanta za ta haɗa kaya. Ya yarda, saboda ya san mai iya riƙe lissafin kwana uku na kwaɓi da wuta ba ta kai a ce hankalinta ya tafi ba. Tun daga nan duk bayan mako biyu yake zuwa ran Asabar, ya ci, ya ɗauki biyu ya tafi, ba wanda ke ambaton maganar, kuma ba wanda ya manta da ita.

Mu nan ƙauyen Berzupis ba mu da abin taƙama, daji ne da yashi da dankali, amma ko a cikinmu an san burodin Tekle. Tana da shekara ashirin da biyu aka kawo ta gidan mijinta Benas daga wani ƙauye a bayan dajin. Uwar mijinta ba ta fara nuna mata gado ba, ɗakin ajiya ta ja ta, ta yaye ƙyalle, ta ce ga kubilas, wato akushin kwaɓa burodi, wanda aka sassaƙe daga gungume ɗaya tun zamanin kakarta. Ta karanta mata dokokinsa a tsaye. Ba a ba da aronsa. Ba a zuba masa komai in ba gari da ruwa da gishiri ba. Ba a wanke shi, har abada. Kankarewa ake yi da wuƙar katako, a bar dunƙule ɗaya na kwaɓin a ƙasansa, a barbaɗa gari, a rufe. Wannan dunƙulen shi ne iri, shi ke tsamar da kwaɓi na gaba ya tashe shi, kuma tsamin da ya ratsa jikin katakon shi ke sa burodin kowane gida ya bambanta da na maƙwabcinsa. Sauran kayan duk ana iya sakewa. Rariya ta tsage an sayi wata, muciya ta karye Benas ya fere sabuwa, dogon shebur ɗin katako da ake zura burodi a tanderu an canza shi sau uku. Akushi kam ɗaya ne.

A gandun gwamnati kuwa aikinta wanke garewanin madara ne, shekara ashirin da uku. Arba'in a kowace safiya, da ruwan zafi da sabulu da burushin waya, sai sun yi ƙyalli kafin motar madara ta iso. Ta sha faɗa cikin raha cewa duk abin da ke duniya ta wanke, ban da abu ɗaya. Ta haifi uku, biyu suna ƙasashen waje suna aiko hotuna, Zigmas ne auta. Benas ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya bar mata gida da kaji da tsohuwar rigarsa ta fatar tunkiya.

A bakin rijiya ta same shi. An kife shi a kan turken shinge yadda ake kife garwa don ta tsane. Ta sauke shi da hannu biyu ta juya, sai ta ga cikinsa fari tas, har zanen katakon ya fito, abin da ba ta taɓa gani ba a rayuwarta. Ta sa hanci. Maimakon tsamin nan da ta sani kamar warin jikinta, ƙamshin lemun tsami na sabulun wanke kwanuka ne ya buge ta. Can gefe kaji suna tsattsagar ragowar wani abu toka-toka a cikin yashi, ba sai an gaya mata ko mene ne ba.

Ba ta yi kuka ba, zuciya ce ta ɗebe ta. Mutum ɗaya ne a ƙauyen nan da ya daɗe da ƙullin akushin a ransa, kuma gidanta na tsallaken hanya. Agota ƙanwar Benas ce, a gidan aka haife ta, a akushin ta koyi kwaɓi, amma da uwarsu ta mutu aka ce akushi na gida ne, ba ya bin 'ya mace gidan miji. Da Agota ta yi aure ta zo roƙon iri, Tekle ta hana, ta ce in iri ya fita albarkar gida ke binsa. Shekara hamsin ke nan suna gaisawa, suna zama benci ɗaya a coci, amma ɗaya ba ta taɓa cin burodin ɗaya ba. Tekle na kiran na Agota burodin malalata saboda tana haɗa shi da dafaffen dankali. Agota kuwa har yau Amarya take kiranta, don ta tuna mata cewa zuwa ta yi.

Ta same ta zaune a bakin ƙofa tana ɓare wake, sandarta a jingine.

"Amarya, da sassafe haka? Wa ya mutu?"

"Kin fi ni sani. Shekara hamsin kina jira, jiya kin samu yadda kike so. Da sata kika yi da na ce ƙauna ce, amma sabulu, Agota? Akushin uwarki?"

Agota ta ajiye kwanon wake. Ba ta rama ba, wannan ne ya fara tsorata Tekle, domin Agota ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Ta ce mata ta zauna. Tekle ta ce a tsaye ta zo, a tsaye za ta koma.

"To duba hannunki," in ji Agota.

Ta duba. Gaɓoɓin yatsunta duk sun saluɓe, jajaye, irin saluɓewar da ta rabu da ita tun barin gandu. Da safe ta ji suna zafi ta ɗauka sanyi ne. Ta sa hannu a aljihun rigar aikinta don ta ɓoye su, yatsunta suka ci karo da burushin waya, da ɗan damshinsa.

Agota ta ba ta labarin a hankali, ba ƙari. Jiya da rana ta hango ta a bakin rijiya da tukunyar ruwan zafi. Ta ƙwala mata kira, ba ta waiwayo ba. Kafin ta lallaɓo da sandarta ta tsallaka hanya aikin ya yi nisa, dunƙulen iri na gaban kaji. Ta kama hannunta, Tekle ta fizge, ta kira ta da sunan shugabar aikinsu ta gandu wadda ta daɗe a kabari, ta ce a ƙyale ta, saura garwa ɗaya kuma mota na hanya. Wanki dai ya yi kyau, in ji Agota, wannan ba mai ƙwace mata.

Sai a lokacin Tekle ta zauna. Ta laluba ranar Laraba a kanta, ta tuna ta sha shayi, ta tuna ta ba kaji hatsi, ta tuna ta kwanta da yamma da ciwon baya. Tsakiyar ranar babu komai, kamar an yanke da almakashi. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka fitar da Benas, domin a ranar ta san wanda ta rasa.

"Za ki gaya masa?" ta tambaya.

"Ba zan kai masa ba. Amma in ya tambaye ni ba zan yi wa ɗan yayana ƙarya ba, kin ji na gaya miki."

Sabon iri daga gari da ruwa kawai yana cin mako guda kafin ya kama, ita kuwa kwana biyu gare ta. Yis na kanti ba ya cikin lissafi, Zigmas zai gane tun daga bakin ƙofa. Hanya ɗaya ta rage, roƙon iri a wurin Agota, Tekle ta san ta, Agota ma ta sani, kuma ta bar ta ta zauna da ita. Tekle ta buɗe baki sau biyu maganar ta ƙi fita. Agota ta tashi da ƙyar ta shiga ciki, ta fito da dunƙule kamar ƙwan agwagwa a naɗe cikin ganyen kabeji.

"Ungo, kada ki shaƙe. Ba kyauta ba ce, naki ne. Ranar baftismar Zigmas kina can kina yi wa baƙi iyayi, na shiga ɗakin ajiya na gutsura na sa a rigata. Shekara arba'in da tara ina gasa burodin uwata da shi, ke kina nan kina gadin albarka."

"Ɓarauniya," in ji Tekle.

"Na ji. Kada ki gode, ba a godiyar iri."

Wunin Alhamis ya tafi wajen yi wa akushi magani. Ta ɗauraye shi da tafasasshen ruwa sau huɗu, har yanzu sabulun na nan. Sai ta koma ga abin da uwar mijinta ta koya mata: albasa da gishiri. Sau ɗaya tak ta taɓa yin haka, shekarar da aka kwantar da ita asibiti mako guda, Benas ya ga akushi zaune ba aiki ya cire irin ya ajiye a kwano, ya jiƙa kabeji da gishiri a ciki. Ta dawo ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba, yara kuma suka yi ta cin burodi mai warin albasa har Zigmas, yana ɗan shekara tara, ya yi rantsuwar ya daina cin burodi. Yanzu ta yanka albasa shida ta goge cikin akushin lungu-lungu, ta bi da gishiri, ta shanya shi a rana, ta sake gogewa. Kafin la'asar lemun tsami ya tafi. Ta tankaɗe garin baƙar alkama a rariya, ta dama irin da Agota ta ba ta da ruwa mai ɗumi, ta zuba rabin garin ta tuƙa da muciya har ya yi kaurin kunu. Ta rufe da ƙyalle, ta ja shi kusa da tanderu, ta lulluɓa masa rigar Benas ta fatar tunkiya.

Juma'a ce ta fi tsawo. Da safe ta ɗaga gefen ƙyallen, kwaɓi na kwance shiru kamar laka. Alhali an saba akushin yana fara magana tun kafin gari ya waye, ƙananan kumfa na fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ta durƙusa ta kara kunnenta a jikin katakon, ba ta ji komai ba sai bugun zuciyarta. Ta ƙara itace biyu a wuta don ɗakin ya yi ɗumi. Ta hana kanta sake buɗewa, domin yawan leƙe na sanyaya kwaɓi, sai ta samu kanta ta buɗe sau uku kafin rana ta take.

Wani abin da ya fi kwaɓin damunta shi ne ita kanta. Ta daina yarda da hannuwanta. Ta ɗauki sabulu da burushin waya ta kai su rumbun itace ta kulle, ta rataya makullin a bayan hoton Benas, sannan ta tsaya tana tunanin wace ce za ta hana ta ɗaukowa. Ta samo fensir ta shiga rubuta duk abin da ta yi a bayan kalanda: na zuba gishiri, na rufe kaji, na kashe gas. Da yamma Zigmas ya bugo waya ya tambayi lafiya, ya tambayi burodi cikin wasa kamar yadda ya saba. Ta ce burodi na nan yana jiransa, shi dai ya tuƙa a hankali.

Rana na gab da faɗuwa ta sake durƙusawa. Wannan karon ta ji, can ƙasa, ɗan ƙaramin sauti kamar na ruwa a cikin yashi. Ta ɗaga ƙyalle, fuskar kwaɓin ta yi ƙuraje, tsami ya taso mata. Ba nata ba ne sosai, ya ɗan fi laushi, amma tsami ne. Ta zauna daɓas a ƙasa ta yi alamar gicciye.

Asabar da asuba ta zuba sauran gari da gishiri ta shiga kwaɓi. Awa guda cur ake yi, sai kwaɓi ya daina kama hannu, kuma yatsunta da suka saluɓe suna cin gishiri suna zuga, amma ba ta tsaya ba. Ta bar shi ya tashi, ta hura tanderu da busasshen itace har tubalin ciki ya yi fari. Ta janye garwashi da ƙugiya, ta share ƙasan da tsintsiyar ganye mai ruwa, ta watsa ɗan gari don gwaji. Bai ƙone nan take ba, a hankali ya yi ja, wuta ta yi daidai. Ta shimfiɗa ganyen kabeji a kan shebur, ta mulmula burodi da jiƙaƙƙen hannu, ta zana gicciye a kan na farko, ta zura su ɗaya bayan ɗaya har biyar. Ta ware dunƙulen iri. Sannan hannuwanta suka ɗauki wuƙar katako suka kankare jikin akushin kamar kullum, suka dunƙula abin da ya fito ya zama ɗan ƙaramin burodi, suka ajiye shi a bakin tanderu. Wannan shi ne na auta, a kowane gida ma haka ne, kuma Zigmas yana cin nasa da zafi tun kafin ya iya tafiya. Ta rufe tanderu, ta rubuta lokaci a bayan kalanda.

Agota ta shigo wajen ƙarfe goma, wai aron ashana, ita da ba ta shiga cikin ɗakin ba tun zaman makokin Benas. Tekle ta ce ai ta san doka, wanda ya shigo burodi na cikin wuta ba ya fita sai an sauke. Agota ta ce ta san dokar tun Amarya na bayan daji tana tallan naman kaza, ta ja kujera ta zauna. Ba su fi rabin awa ba suka ji mota. Ya yi sammako.

Zigmas mutum ne mai jiki, gashinsa ya fara fari, ya sunkuya ya shigo yana rufe ƙofa a hankali don kada burodi ya firgita ya faɗi. Ya sumbaci uwarsa, ya ga Agota ya yi turus.

"Gwaggo, ke ce a gidanmu? Lafiya dai?"

"Gidan ubana ne, sai na nemi izini?"

Ya yi dariya, amma idonsa ya zaga ɗakin. Tekle ta san wannan zagayen, duk zuwa sai ya yi shi: gas, buta, kwalaben magani. Ta tuna kalanda, ta matsa ta tsaya a gabanta. Hannuwanta ta naɗe a cikin rigar aiki. Awa guda suka yi a haka su uku, ba mai iya fita. Ya ba da labarin hanya, Agota ta yi ta surutu kan ciwon ƙafarta da tsadar itace fiye da yadda ta saba, Tekle kuwa kunnenta na kan tambaya ɗaya da ba a yi ba tukuna.

Da lokaci ya yi ta buɗe tanderu. Ta zura shebur ta jawo na farko, baƙi-baƙi, ya tashi sosai, bai tsage ba. Ta ƙwanƙwasa ƙasansa ya amsa kamar ganga. Ta jera biyar a kan tebur, ta shafa musu ruwa, ta rufe da ƙyalle. Numfashin da ta riƙe tun Alhamis ya fara sauka. Agota ma ta gyara zama.

"Ina nawa?" in ji Zigmas, ya miƙa hannu bakin tanderu.

Sai a lokacin ta tuna daga ina aka kankaro shi. Manyan burodin daga tsakiyar kwaɓi suke, shi kuwa ƙaramin daga jikin katako, inda albasa shida suka kwana. Ta ɗaga hannu, amma ya riga ya ɓara shi biyu, tururi ya bugi fuskarsa. Ya kai baki, ya tauna sau biyu, ya tsaya. Ya dubi akushin da ke gefen tanderu, bakin katakon fari kamar sabon sassaƙa. Ya dubi hannun uwarsa da ya fito fili.

"Albasa," ya ce a hankali. "Wa ya taɓa akushi, Mama?"

"Ni ce," in ji Agota, tun kafin ya rufe baki. "Na shigo ran Laraba tana barci, na gan shi duk datti, na wanke. Tsufa ne, ɗana, kai ma yana jiranka. Ta zage ni na ba ta iri, magana ta ƙare."

Ƙarya ce mara ƙafa, duk wanda ya san Agota ya san za ta fi yarda ta wanke fuskar limamin coci da sabulu a kan ta wanke akushin uwarta. Zigmas ma ya sani. Ya daɗe yana kallon guntun burodin da ke hannunsa, sannan ya cusa sauran a baki ya haɗiye da ƙyar.

"To ai burodi ya yi kyau," ya ce. "Ya tashi. Ba abin da ya ɓaci, Mama."

Ta gane abin da yake yi. Ya buɗe mata ƙofa ne, shi da gwaggonsa, abin da ya rage kawai ta yi shiru ta wuce. Mako biyu nan gaba zai dawo, albasa ta tafi, ba mai sake tayar da maganar. Ta dubi tanderu, garwashin da ta janye yana nan ja a bakinsa. Ta tuna tsakiyar Laraba da babu komai a cikinta. Ran nan ruwa da sabulu hannuwanta suka samu. Ta yi tunanin ranar da za su sami wuta, da gidan katako, da iska tana kaɗawa zuwa tsallaken hanya inda wata tsohuwa mai sanda ke kwana.

"Ƙarya take yi," in ji Tekle. "Wannan ba ta isa ta taɓa mini akushi ba. Ni na wanke shi, Zigmas, da ruwan zafi da burushi, na ba kaji irin kakarka. Kuma ban san na yi ba. Har yanzu da nake gaya maka ban tuna ba."

Ya ce sharaɗin ai na burodi ne, burodi kuma ga shi. Ta ce ita ta yanka sharaɗin, ita ta san abin da take nufi da shi. Ta ciro kalandar ta miƙa masa ya ga bayanta. Ya karanta layi biyu ya kasa ci gaba, ya juya ya fuskanci taga. Agota ta ce mata sakarya, an ba ta mafita ta ƙi, amma da gefen ɗankwalinta take goge ido lokacin da take faɗa.

Ba a yi gaggawa ba. An tsayar sai ya dawo bayan mako biyu da babbar mota, kafin nan Agota za ta riƙa kwana a gidan, za kuma a cire tukunyar gas. Ya ce akwai wuri a barandarsa in tana son tafiya da akushin. Ta ce akushi ba ya zaman baranda, kuma tanderun lantarki ba tanderu ba ne. Ta ɗauki dunƙulen irin da ta ware ta ajiye a ƙasansa, ta barbaɗa gari, ta rufe da ƙyalle ta ɗaure. Ta haɗa da muciya da wuƙar katako, ta ce wa Zigmas ya ɗauka ya kai tsallaken hanya yanzu, tun tana sane da abin da take yi.

Ya rungume shi ya fita. Agota ta bi bayansa da sandarta, ba ta gode ba, ba a godiyar iri. Tekle ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu har suka kai tsakiyar hanya, sannan ta ɗaga murya.

"Agota. Ban da dankali."

"Na ji, Amarya."

"In kuma na zo na ce ki ba ni shi, ko me na ce miki, kada ki ba ni."

Agota ta tsaya, ba ta waiwayo ba, ta gyaɗa kai ta ci gaba da tafiya. Tekle ta koma ciki ta taɓa burodin ta ji ko ya huce, ta ware biyu na Zigmas, ta ware ɗaya na tsallaken hanya.